Idon rago da na ɗan'uwansa na daji: abin da makiyaya suka ce

'Yan'uwa na Mai Wurno da Gadarif a Sudan, ga abin da na tattaro daga muhawarar da makiyaya suka yi kan abin da ya canja a dabbobin gida idan aka kwatanta su da na daji.

1. An yi ittifaƙi cewa ido bai canja ba. Tunkiya da akuya, na gida da na daji, ƙwayar idonsu a kwance take, suna hangen kusan duk kewaye ban da daidai bayan wutsiya. Kada ka zo wa dabba ta nan ba tare da ka yi murya ba.

2. Ba sa auna zurfi sosai. Inuwar da ta gitta bakin babbar mota rami ce a idon rago, shi ya sa yake turjewa ranar lodi zuwa tashar jiragen ruwa ta Sawakin. A shimfiɗa ciyawa a kan katakon hawa, a haskaka cikin motar, a sa ɗaya gaba, sauran za su bi. Duka ba ya gyara wannan, sai dai ya ƙuje nama.

3. Tsoro ne ya ragu. Ƙwaƙwalwar tunkiyar gida ta gaza ta dajin da kusan kashi 1 cikin 4, musamman ɓangaren firgita.

4. A kan dalilin togewar jaki aka rabu. Wasu sun ce taurin kai ne. Masu karo, wato amalanken jaki, suka ce gadon jakin dajin Nuba ne: a cikin duwatsu, tsayawa cak a duba ya fi gudu. Ni da su nake. In ya toge, bi inda kunnuwansa suka nuna, sau da yawa leda ce take kaɗawa.