Hitar ɗakin yara ta ƙi zafi, sai an canza bawul ne?

Maman Ikram, Leeds:
Salam jama'a, don Allah ina neman shawara. Radiyetar ɗakin yara, wato hitar jikin bango da ruwan zafi ke bi ta cikinta, ita ce ta ƙi ɗaukar zafi tun shigowar Nuwamba, sauran duk lafiya lau, na murɗa bawul ɗin har lamba 5 amma sanyi ƙalau, ga yara sai tari cikin dare. Abbansu ya ce zai sayo sabo ya canza da kansa, ni kuma tsoro nake kar ruwa ya malale mana kafet.

Ɗan Zazzau:
Wa alaikis salam Hajiya, kar ku yi saurin saye. Ku kwance kan nan mai lambobi, a ƙarƙashi akwai wani ɗan ƙarfe kamar ƙusa, shi ke maƙalewa in an daɗe ba a kunna hita ba lokacin zafi. A riƙa danna shi da bayan cokali har ya fara dawowa da kansa, kar dai a fizge shi da filaya.

Baffa, Birmingham:
In kuma canjin ya zama dole, a kashe boila ruwa ya huce sannan a zubar da ruwan bututun, baƙi ne ƙirin sai an shimfiɗa tsofaffin tawul. In an ɗaura sabo a sake cika ruwa har allurar agogon matsin ruwa na boila ta kai 1 zuwa 1.5, a fitar da iska daga radiyetar da ɗan makullin nan na fitar da iska. Amma 'yata gidan naku ne ko haya? In haya ne gyaran na mai gidan ne.

Maman Ikram, Leeds:
Haya ne Baffa. Wallahi ƙusar ce, yanzu bututun ya fara ɗumi, Allah ya saka da alheri.