Wane suna za mu ba rubutun da ake yi a kan aiskirim?

Jama'a assalamu alaikum, dan Allah ku taya ni da wannan. Akwai aikin da masu haɗa kayan zaƙi ke yi, a ɗauko aiskirim a kofi ko a faranti ko wanda aka daskarar ya yi siffar kek, a rubuta masa magana a kai, sunan mutum ko "barka da haihuwa" ko "ina sonki" ko "ka yi haƙuri", kuma rubutun ba cire shi ake a yar ba, tare ake shanyewa. Turawa edible writing suke ce masa, matso shi daga leda kuma su ce piping, mu muka ɗauko muka ce faifin, wanda in ka faɗa wa wanda ba ɗan sana'a ba sai ya ɗauka faifan bidiyo kake nufi. Ina son mu samo masa suna na Hausa wanda yaro zai ji ya gane, tsohuwa ma ta ji ta gane.

Amma kafin suna bari mu san abin tukuna, dan ba a raɗa wa abu suna ba a ga fuskarsa ba. Aiskirim a firiza yana zama ne a wajen digiri 18 ƙasa da sifili, yana fitowa ya haɗu da iska sai samansa ya fara gumi ya jiƙe, toh duk wahalar aikin nan a nan take, kana rubutu ne a kan abu mai sanyi mai laima wanda yake narkewa kana kallo. Shi ya sa biron nan mai tawadar kalar abinci da ake rubutu da shi a kan busasshen aisin, wato haɗin sukarin da ake shafa wa kek, ba ya aiki a nan, bakinsa jiƙewa yake maiƙo ya toshe shi, kalar kuma ta bazu ta zama dabbare. Wanda ya fi kamawa shi ne narkakken cakulan. A zuba shi a 'yar leda ko a naɗe takardar gashin kek ta yi tsini, a yanke bakin kaɗan, a dinga matsawa ana jan haruffa, yana taɓa sanyin nan take ya sandare. Wasu suna ƙara masa ɗan man kwakwa saboda shi man kwakwa da ya sauko ƙasa da digiri 24 yake daskarewa, dabarar da ke cikin Magic Shell na kamfanin Smucker's a Amurka ke nan. Masu tsoron hannunsu ya yi rawa kuma sai su rubuta a kan takardar gashi daban, su sa a firiza, in ya yi ƙarfi su ɓamɓaro haruffan su dasa a kan aiskirim ɗin. Akwai masu huda takarda su barbaɗa hodar koko, wato cocoa da ake yin cakulan da ita, ta ramukan, akwai masu bugawa da firinta a kan takardar da ake yi da sitacin dankali ko ta sukari.

Toh ga abin. Yanzu suna, bari in bi sunayen da kuka kawo ɗaya bayan ɗaya.

Ƙanina na ga ka rubuto "rubutun sha", kuma na gane inda ka dosa tunda aiskirim shansa ake ba ci ba. Amma wannan suna yana da mai shi tuntuni, duk Bahaushen da ya ji shi hankalinsa wani wuri daban zai tafi mai nauyi da daraja, bai kamata mu ja shi zuwa kayan zaƙi ba. A bar shi a inda yake.

Allah gafarta Malam, "rubutu mai ciyuwa" da ka kawo ba shi da aibu ko ɗaya ta fuskar nahawu, kuma ya ɗauko ma'anar kalmar Turawan cif. Matsalata da shi a baki take. Ka sa mutum ya tsaya gaban mai sayarwa ya ce "a yi mini rubutu mai ciyuwa a kai", wallahi kafin ya gama mai sayarwar ta ce "faifin kake so?" shi ke nan mun koma gidan jiya. Sannan ciyuwa tana nuna abin da ake iya ci in an daure, kamar a ce abincin dai ya ciyu, alhali wannan abu ne na marmari. A ƙamus zai zauna daram Malam, a bakin mutane ne nake ganin ba zai kwana ba.

Anti ke kuma da kike cikin sana'ar kin ce zayyana ko kwalliyar aiskirim, kuma maganarki ce ta fi tsaya mini a rai, na daɗe ina juya ta. Zayyana kalma ce mai kyau ƙwarai, tana da ado a cikinta tana da ƙwarewar hannu. Sai dai ta yi faɗi. In kin jera 'ya'yan itace a kai zayyana ce, in kin barbaɗa 'yan ƙwayoyin sukari masu kala zayyana ce, in kin tsiyaya cakulan ya yi layi-layi ita ce dai. Abin da ya raba wannan aiki da sauran shi ne ana karanta shi, mutum zai tsaya da cokali a hannu ya karanta kafin ya taɓa, wani ma ya kasa taɓawa sai ya ɗauki hoto. In sunan bai da "rubutu" a ciki mun yar da zuciyar abin. Dan haka ni a ganina zayyana ta zama uwa, duk adon aiskirim ya shiga ƙarƙashinta, wannan kuma ɗa ne a cikin 'ya'yanta yana buƙatar nasa sunan.

Wani ɗan'uwa ya ce "rubutun zaƙi". Yana da daɗin faɗa gaskiya. Amma kunne zai iya ɗaukarsa a matsayin rubutu mai daɗin kalamai irin na masoya, kuma ba duka ne ke da zaƙi ba, hodar koko zalla ɗaci gare ta, baƙin cakulan ma haka.

Ni abin da nake kawowa shi ne RUBUTUN LASA.

Ku ji dalili. Rigimar tun farko tsakanin ci da sha take, aiskirim ana sha, cakulan ana ci, toh rubutun da ke tsakaninsu wanne za a ce? Lasa ta raba gardama dan duka biyun ana lasarsu. Kuma ba daɗin baki kawai ba ne, haka abin yake a zahiri, man da ke cikin cakulan yana narkewa a wajen digiri 34, jikin mutum kuma 37 ne, harafin nan siriri yana hawa harshe ya narke ba sai haƙori ya sa baki ba. Sannan a Hausa in an ce a lasa ana nufin ɗan kaɗan, abin taɓa harshe ba na cika ciki ba, rubutun nan kuwa haka yake, kalma biyu uku ne, wanda ya ce zai rubuta doguwar wasiƙa a kan aiskirim kafin ya kai layi na biyu na farko ya zama ruwa. Gajere ne, gaɓoɓinsa ba sa sarƙe harshe, kuma bai taka ƙafar wata kalma ba.

Yaya ka ce ai da cokali ake sha a faranti, ina lasa a nan. Yaya cokalin ma ai lasarsa ake, kuma suna ba dole sai ya rufe kowace kusurwa ba, ya isa in an faɗa hoton abin ya zo wa mutum.

Kayan aikin kuma ba sai mun wahala ba. Ledar ko naɗaɗɗiyar takardar da ake matsawa, mazurari muke da shi, siffarsu ɗaya, sama faɗi ƙasa tsini, a ce mazurarin rubutu. Kalar da ake bugawa da firinta tawadar ci, takardar kuma takardar ci, a nan "ci" bai da matsala dan kaya ne ake bambanta su da na ofis waɗanda ba sa shiga baki. Aikatau kuwa kar mu ƙirƙiro komai, rubuta ta wadatar, in hannun ya iya a ce ta rangaɗa. "Anti a yi mini rubutun lasa a kai, a sa sunanta." "Mazurarin ya toshe, cakulan ɗin ya huce." "Wannan rubutun lasar da hodar koko aka yi shi." Ku faɗa da baki ku ji ko akwai inda ya tsaya muku a wuya.

Tunda Anti ta tambaya a ƙasa ko Hausa tana rubutuwa da cakulan, eh tana yi sosai, sai dai a kula da ƙ da ɗ da ɓ. In a takarda aka rubuta za a ɓamɓaro, lanƙwasar nan ta sama ita ce ke fara karyewa saboda siririya ce, kuma in ta karye ma'ana ta tafi, ƙafa ta koma kafa, ɗaki ya koma daki. Sai a ɗan ƙara mata kauri, a haɗe haruffan da juna su riƙe kansu, a kuma ɗauka da wuƙa mai sanyi ba da yatsa ba dan ɗumin hannu kaɗai ya isa ya narkar da su. Kuma kar ruwa ko ɗigo ya shiga narkakken cakulan, cuɗewa yake ya yi gudaji ya ƙi fita ta mazurari, in kala ake so a nemi mai mai ba mai ruwa ba.

Na kek ban sa shi a wannan suna ba, shi ci ake kuma aisin ɗinsa daban ne, masu kek su buɗe nasu zaren mu zo mu taya su. Anti ke da ke tare da masu saye kullum, ki ɗan riƙa ce musu rubutun lasa na kwana biyu ki dawo ki faɗa mana ko sun gane ba tare da kin yi bayani ba.