Gran Turismo 7 ko Forza Motorsport, wanne zan saka a shago?

Gem_Tudunwada:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ina da ɗan gidan gem nan Gusau, PS4 uku da PS5 ɗaya, kullum ball ne ball ne har yaran sun fara cewa oga a kawo na mota. To wani ya zo mani da Xbox Series S na hannu zai sayar, yana ta zuga ni wai Forza ya fi Gran Turismo nesa ba kusa ba, ni kuma rabona da gem ɗin mota tun GT4 na PS2 da munka dinga bugawa muna yara. Don Allah masu sani, in sayi Xbox ɗin saboda Forza ko in nemi GT7 in ɗora a abin da nike da shi?

Sarkin_Kwana:
Wa alaikumus salam. Malam GT7 ka saya ka huta. Ya fito tun Maris 2022, yana hawa PS4 da PS5 duka, ka ga ba sai ka sayi wani inji ba. Kuma in ka riƙe hannun PS5 ka taka birki da ƙarfi gab da kwana za ka ji maɓallin birkin L2 yana karkarwa a yatsanka kamar motar gaske, in taya ta hau gefen titi hannun ya gaya maka. Mai gem ɗin Kazunori Yamauchi shi kanshi ɗan tsere ne, ya sha shiga gasar awa 24 ta Nürburgring a Jamus, tun 1997 yake fitar da Gran Turismo. Ni gwajin lasisinsu ne ya kusa haukata ni, akwai wani da na maimaita ya fi sau arba'in ina neman zinare, sai in zo layin ƙarshe a ce na makara da abin da bai kai ƙiftawar ido ba, har uwargida ta leƙo ta ce lafiya nike magana ni kaɗai.

DanKaura_X:
Kai Sarkin Kwana ka faɗi daɗin ka ɓoye ɗacin. Gaya mashi GT7 in babu intanet ba ya ajiye maka komai, 'yan motoci kaɗan za a bar ka da su a arked shi ke nan. Ka manta sati biyu da fitowarshi sabarsu ta intanet ta tsaya sama da awa 30 mutane sunka zauna suna kallon faifan da sunka saya da kuɗinsu? Forza na 2023 ya zo da mota sama da 500, yana cikin Game Pass, tsarin Xbox na biyan kuɗin wata ka buga gem da yawa, kuma akwai riwayin, in ka daki bango sai ka maida baya ka gyara, wanda yaro ɗan koyo shi yake so ba wai a ce ya sake tun farko ba.

Sarkin_Kwana:
Riwayin ai shi ne ya lalata ku, direban da ya san zai iya maida haɗari baya yaushe zai koyi taka birki? Kuma Forza ɗin naku ma babban wasan na kariya (career) sai da intanet, kar ka ruɗe bawan Allah.

Injiniya_Mafara:
Ku dakata, kuna ta gardamar wanda ya fi daɗi a ɗaki, shi kuma shago gare shi. Ɗan uwa tambaya ɗaya zan maka, yara biyu in sun biya kuɗi sun zauna benci ɗaya, mi suke so? Su kara da juna a talabijin ɗaya, wanda anka ci a yi mashi dariya. GT7 yana raba allo mutum biyu, a PS5 ma har huɗu tun sabuntawar da sunka yi a Nuwamba 2023. Forza Motorsport na 2023 ya fito babu raba allo sam. Nan kaɗai maganar ta ƙare wallahi.

Sannan Series S ba ya da wurin saka faifai, komai sai ka sauke, gem ɗin nan kuma ya haura gig 100. Ni na gwada irin wannan saukewar da MiFi, kwana uku ina fama, a ɗauke wuta in tada janareto, netwok ya gudu in fita da shi tsakar gida in ɗora bisa randa, ranar na ukku ya kai kashi casa'in da wani abu data ta ƙare. Ban ƙara ba. GT7 ko da shi ma yana da nauyi aƙalla kana samun faifai, abdet kawai za ka ja, sai ka bar MiFi ɗin kunne don ya riƙa sebin, wato ajiye inda ka tsaya, wannan ba ya cin wata data.

In dai Forza ya shiga ranka, Forza Motorsport 7 na 2017 shi yana raba allo kuma motocinsa sun haura 700, amma an cire shi daga kantin intanet tun 2021, sai faifai, faifai kuma sai Xbox One ko Series X. Ka ga Series S ɗin bai yi maka rana ba ta nan ma.

DanKaura_X:
To Injiniya na yarda da zancen raba allo, ban kawo shago a raina ba. Amma oga ka sani yaran da ke cewa na mota yawancinsu ba zagaye fili suke nufi ba, so suke su fita daji su yi ta tsalle da mota, wannan Forza Horizon 5 ne na Meziko, kuma tun Afrilu 2025 ya shigo PS5. Sai dai shi ma mutum ɗaya ne a allo.

Gem_Tudunwada:
Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Mai Xbox zan ba shi haƙuri, GT7 na PS5 zan nema tunda hannu huɗu gare ni. Sarkin Kwana sitiyarin nan G29 da nike gani, yana jure hannun yara kuwa? Don akwai wani yaro nan in ya sha kashi a ball har jifa yake da hannu.

Sarkin_Kwana:
Sitiyarin yana da ƙwari, amma kar ka soma ba su. Ka aje shi gida, in an tashi shago ka kira ni in zo in nuna maka yadda ake shan kwana.