Zan kai Baba Abuja tantancewar fansho, mota ko jirgin ƙasa?

Ɗan Kurna: Salam jama'a, shawara nake nema. Babanmu tsohon soja ne, shekara 71, gwiwarsa ba lafiya tun dawowarsa daga Laberiya, an kira su tantancewa Abuja. Daga Kano mu miƙe a mota ne ko mu sauka Kaduna mu hau jirgi a Rigasa? Ba ya jure dogon zama.

Abu Safwan: Jirgin sama kawai, kamar awa ɗaya kun sauka.

Ɗan Kurna: Malam da akwai kuɗinsa ai ba zan tambaya ba.

Tsohon Saje: Yaro ka gaishe min da babanka, ka tambaye shi wace bataliya. Ni ma ECOMOG na yi, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, watan Agusta 1990 jirgin ruwa ya sauke mu a tashar Monrobiya ta Laberiya ana harbi, daga baya aka tura mu Saliyo. Amma wallahi duk wannan bai ci min rai kamar tantancewar da na je ba, kwana uku muna kwana kan kwali a gindin bishiya, ni da wani kofur abokina da muka fito Depot na Zariya, wurin horar da kuratan soja, tare, rana ta uku aka ce ba a ga fayil ɗinsa ba, ya zauna ƙasa yana riƙe da takardar sallamarsa cikin leda yana hawaye. Bai kai wata biyu ba ya rasu.

Maman Ilham: Innalillahi. Allah ya jiƙansa Baba.

Direban Unguwa Uku: Mota dubu 15 ce, ku biya masa kujerar gaba shi kaɗai ya miƙe ƙafa.

Abu Safwan: Wace dubu 15? 22 na biya satin da ya wuce.

Direban Unguwa Uku: Sharon ka hau ko bas? Ni kullum ina kan hanyar nan.

Maman Ilham: Ni dai tun harin jirgi na Maris 2022 ban sake zuwa Rigasa ba, gabana faɗuwa yake.

Tsohon Saje: 'Yata hanyar motar fa? Shekaru nawa ana kwasar mutane wajen Katari da Rijana. Ku bar wanda ya san daji ya yi magana.

Direban Unguwa Uku: Ranka ya daɗe, daji naka ne, kwalta tawa ce.

Na Barikin Bukavu: Baba ya saka tsohon kakinsa, duk shingen da kuka zo sai an ƙame masa 😂

Tsohon Saje: Ba abin dariya ba ne. Mahaifina yaƙin Boma ya yi, lambobinsa na nan cikin gwangwani. Duk 15 ga Janairu, ranar tunawa da sojoji, a saki tattabaru a ajiye furanni, matar kofur ɗin nan kuwa wanki take yi wa mutane.

Maman Ilham: Mu ma da mijin yayata ya rasu a fagen daga, tana gama takaba aka ce su tashi daga gidan bariki, da yara biyar.

Ɗan Kurna: Baba ya ce a tambayi Saje ko ya yi zama a Lungi can Saliyo. Tikitin jirgin fa, a intanet ake saya ko a tasha?