Neman kalma: "tasirin tsara" ko "nason tsara"?

Jama'a, ina so mu tsayar da Hausar abin da masu binciken ilimi ke kira "peer effects" da Turanci, wanda a fannin harshe yake nufin yadda bakin yaro ke buɗewa, ko ya yi nauyi, gwargwadon yaran da yake wuni da su a ajin nazare, ban da abin da malama ta koyar.

Maganar tana da tushe. A 2011 Laura Justice ta Jami'ar Jihar Ohio a Amurka da abokan aikinta sun wallafa binciken da suka yi a kan yara 338 a azuzuwa 49, inda suka auna harshensu a farkon shekarar karatu da ƙarshenta, suka ga abin ya fi taɓa yaron da ya shigo da ƙarancin kalmomi, musamman idan aka haɗa shi da masu rauni irinsa. Ke nan yadda ake raba yara a azuzuwa ba ƙaramin lamari ba ne.

Wajen fassara "peer", na fara ajiye "abokan wasa" gefe, domin a wurinmu taubasai ne, ko Kanawa da Zazzagawa. "Sa'a" kuma za ta rikice da lokaci da dace. "Tsara" ce ta rage, kuma ta zauna daidai.

Fassara "effects" ce ta ba ni wahala. "Rinjaye" na nuna an fi ƙarfin mutum, alhali babu wanda ya tilasta wa yaro ɗaukar kalma daga bakin ɗan'uwansa. "Tasiri" kowa ya san ta, amma ta yi faɗi, tunda malama da iyaye da talabijin duk suna da tasiri. Ni zuciyata ta fi kwanciya da "naso". Wanda ya taɓa jiƙa farar riga tare da rinanniya ya san launi kan ratsa ba da niyyar kowa ba, kusanci kawai yake bukata, kuma farin ne ya fi ɗauka. Haka ɗan shekara huɗu ke kwasar jimla a wajen wasan ƙasa, irin zama da maɗaukin kanwa da ke kawo farin kai.

Damuwata ɗaya ce: mun fi jin "naso" a kan rikici ko cuta, ina tsoron iyaye su ɗauka aibu kaɗai ake nufi. Duk da haka na tsaya a kan "nason tsara". Malaman nazare, da 'yan'uwa na Sakkwato da Damagaram, shin a kunnenku "naso" tana ɗaukar alheri?