Fankar Corolla tana ƙona rizista, hita kuma babu ɗumi

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman masu sanin wayarin mota. Corolla ce 2006, 'yar Kwatano. Fankar cikin motar ta daina aiki a lamba 1, 2 da 3, sai a 4 kaɗai take kaɗawa. Na san a 4 wuta ba ta bi ta rizista, wato abin da ke rage gudun fankar, shi ya sa na zarge shi. Na ciro shi a ƙasan akwatin gaban fasinja, kusa da fankar, na tarar ya ƙone, har robar soket ɗin ta ɗan narke ta yi baƙi. Na sa sabo, komai ya dawo daidai. Ba a jima ba ya sake ƙonewa, da warin waya.

Fis lafiya lau. Matatar iska ta cushe da ƙura da busassun ganye, na canza ta. Amma in na juya fankar da hannu tana da ɗan nauyi, tana kuma ƙara. Ita ce ke jan wuta fiye da ƙima, ko soket ɗin ne? Ina da mitar auna wuta, ina zan ɗora ta in gane?

Sai batun hita. Ga hunturu ya shigo, da asuba gilashi yana yin hazo, iskar hita kuma sanyi ƙalau. Tiyo biyun ruwan hita da ke shiga bangon inji suna nan a haɗe, amma na ga an cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin inji, aikin bakanikenmu na gida. Rashinsa kaɗai zai hana ɗumi? Kafin in kwance dashbod nake so in ji. Na gode.