Neman shawara: yini ɗaya tak a Istanbul tare da Hajiyarmu

Baban Khadija:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san birnin Istanbul da ƙafarsu. A tsakiyar watan Oktoba, in Allah ya yarda, za mu yi hutun mako guda a garin Bursa na ƙasar Turkiyya, wurin ƙanena da ke karatu a can, ni da mai ɗakina da mahaifiyarmu. Mun ware yini ɗaya domin mu tsallaka Istanbul mu dawo, kuma ranakun da ƙanen nawa ba shi da aji su ne Lahadi da Talata. Ba ma son shiga garin ba tare da shi ba, tunda shi kaɗai ne mai jin Turkanci a cikinmu.

Hajiya ta haura shekara 70, kuma tana fama da ciwon gwiwa, ta yadda idan ta yi tafiyar minti goma sai ta nemi wurin zama. Ita har yau Santambul take kiran garin, kuma buƙatarta biyu ce: ta ziyarci kabarin Sahabi Abu Ayyubal Ansari, sannan ta ga kayayyakin tarihi na Manzon Allah (SAW) da aka ce suna ajiye a fadar Topkapi. Mai ɗakina kuwa Babbar Kasuwar birnin, wato Grand Bazaar, ce a ranta. Ni kuma na rubuta Aya Sofiya, da masallacin Sultan Ahmad, da na Sulaimaniyya, da hasumiyar Galata, da kewayen mashigin Bosforus a jirgin ruwa. Wace rana ce ta fi dacewa, da me za mu fara, kuma tasi za mu ɗauka ko akwai abin da ya fi shi?

Ɗalibi a Istanbul:
Wa alaikumus salam, Yaya. Ranakun nan biyu da ka ambata kowace da abin da take hanawa. Fadar Topkapi a rufe take duk ranar Talata, ita kuma Babbar Kasuwa ba ta ci ranar Lahadi. Saboda haka zaɓin rana shi ne zaɓi tsakanin buƙatar Hajiya da ta Anti, kuma a ganina Lahadi ce ranarku. Anti ba za ta tashi a tutar babu ba, domin kasuwar kayan ƙamshi da ke Eminonu, wadda Turkawa ke kira Kasuwar Masar, tana buɗewa ranar Lahadi, kuma a kan hanyarku take.

Ku biyo jirgin ruwan sassafe daga gaɓar Mudanya, tafiyar ba ta wuce kimanin awa biyu ba. Ku yanki tikitin zuwa da na dawowa tun kafin ranar, kuma ƙanenka ya duba saƙon kamfanin da daddare, saboda idan iskar kudu da suke kira lodos ta taso a kan tekun Marmara akan soke tafiya. Batun tasi kuwa, ban ba ka shawara ba sai in ya zama dole, domin titunan tsohon gari ƙanana ne, wasu ma an hana mota shiga, kuma cunkoso zai cinye muku lokaci. Ku sayi katin Istanbulkart a na'ura ku zuba masa kuɗi, ku hau jirgin kan titi mai lamba T1. Abin lura guda: kada ku sauka a tashar Gulhane don kun ga ta fi kusa da fadar a taswira, daga can hawa ne mai wahalar da dattijuwa. Ku wuce zuwa tashar Sultanahmet, ku ratsa filin, ku bi ta gefen Aya Sofiya har ƙofar farko, wannan hanyar ta fi zama shimfiɗaɗɗiya.

Hajiya Maman Sadiq:
Baban Khadija, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka maka da alheri bisa wannan hidima ga mahaifiya. Na taɓa kai tawa mahaifiyar fadar nan, don haka bari in faɗa maka abin da taswira ba za ta nuna maka ba. Topkapi ba gini ɗaya ba ne, farfajiya ce bayan farfajiya, kuma ɗakin da aka ajiye kayan da Hajiya ke son gani yana cikin farfajiya ta uku. Daga ƙofar waje zuwa can tafiya ce mai ɗan tsawo, wani wurin kuma daɓen duwatsu ne da ke kama ƙasan takalmi. Bayan haka akwai layin shiga ɗakin kansa, wanda kan yi tsawo da hantsi idan motocin 'yan yawon buɗe ido suka sauke jama'a. Mu mun yi kuskuren tsayawa kallon tukwane da tangaran a ɗakunan girkin fada da ke farfajiya ta biyu, kafin mu isa inda muka nufa ƙafar Inna ta riga ta kumbura, sai da muka zaunar da ita a kan benci kusan rabin awa tana shafa man zafi.

Ku nemi keken guragu mai naɗewa tun daga Bursa, ko aro ko haya. Na san halin iyayenmu, za ta ce ita ba gurguwa ba ce, ai da ƙafarta ta yi ɗawafi. Kada ka yi musu da ita, ka ce kujera ce kuka riƙo domin ta riƙa hutawa, ka ɗora jakunkuna a kai ka tura. Da kanta za ta nemi zama kafin ku kai ƙofa ta biyu. Idan kun shiga kuma ku miƙe kai tsaye zuwa ɗakin, komai ya biyo baya.

A ciki za ta ga takubba da ake jinginawa ga Manzon Allah (SAW) da wasu sahabbai, da gashin gemu a cikin ƙananan mazubai, da tsofaffin makullan Ka'aba da indararonta. Alkyabbar Manzon Allah (SAW) kuwa tana cikin akwatin zinariya, akwatin ake hangowa, don haka ka gaya mata tun a gida kada ranta ya sosu. Ba a yarda da ɗaukar hoto a ciki ba. Abin da ya fi taɓa zuciyar Inna shi ne makarancin da ke zaune a gefe yana karatun Alƙur'ani, wanda suke karɓa-karɓa ba dare ba rana.

Malamin Tarihi:
Ina goyon bayan Lahadi, kuma ina so in ƙara abin da za ka riƙa ba Hajiya labari a hanya, domin wurin da aka san tarihinsa ya fi zama a rai. Yawancin kayan can sun iso Istanbul ne bayan da Sultan Salim na ɗaya ya ci Masar a 1517. Shi kuma Abu Ayyub, Allah ya ƙara masa yarda, shi ne wanda Manzon Allah (SAW) ya sauka a gidansa lokacin da ya isa Madina. Yana dattijo ya bi rundunar da ta nufi Kustantiniyya, wato Istanbul ta yanzu, a zamanin Mu'awiya, ya rasu a can, aka binne shi kusa da ganuwar birnin bisa wasiyyarsa. Bayan Sultan Muhammadul Fatih ya ci birnin a 1453, malaminsa Akshamsuddin ne ya nuna wurin kabarin, aka gina masallaci a 1458, kuma ginin da za ku gani yanzu sabuntawa ce da aka kammala a 1800. A nan ne ake rataya wa sarakunan Usmaniyya takobi idan sun hau mulki.

Game da jerinka kuwa, ina ganin ka yafe Galata da Sulaimaniyya, duka biyun a kan tudu suke. Ina faɗin haka ne da nauyin zuciya, domin a wurina masallacin Sulaimaniyya, wanda magini Sinan ya kammala a 1557, ya fi duk sauran kyau. Aya Sofiya da masallacin Sultan Ahmad suna fuskantar juna, fili ne kawai a tsakaninsu, kuma za ku ratsa filin ko kun so ko ba ku so ba. An gama Aya Sofiya a 537 a matsayin coci, ta zama masallaci a 1453, aka mayar da ita gidan tarihi a zamanin Ataturk, sannan aka dawo da salla a cikinta a watan Yulin 2020. Tun farkon 2024 aka raba ƙofar masu kallo da ta masallata, masu kallo suna biyan kuɗi su hau bene ta wata doguwar hanya mai hawa, wadda ba ta dace da gwiwar Hajiya ba. Abin da ya fi muku shi ne ku fito daga fada kafin azahar, ku yi salla a ɗaya daga cikin masallatan biyu, kun ga kun haɗa ibada da kallo a zama guda.

Ɗan Kantin Kwari:
Ranka ya daɗe, ni ban yarda a danne haƙƙin uwargida da sunan Kasuwar Masar ba, domin ita kayan ƙamshi da alawa da busassun 'ya'yan itatuwa ne suka fi yawa a cikinta. Idan abin da take nema dogayen riguna ne da mayafai da jakunkuna, ba ma Babbar Kasuwa ce wurinsu ba, can farashin baƙi ne. Mu da muke saro kaya unguwar Laleli muke zuwa, kuma akasarin shagunan sari na can ma ba sa buɗewa ranar Lahadi. Amma ku da za ku kwana bakwai a Bursa, me ya kai ku wahala? Bursa garin masaƙa ne tun asali, akwai Koza Han kusa da babban masallacinsu inda ake sayar da mayafan siliki, ga tawul da zannuwan gado a kasuwar da ke kewaye da shi. Ka ware mata yini guda a can, ka buɗe aljihu, za ta yafe maka Istanbul.

Idan kun shiga Kasuwar Masar, ka kula da masu alawar lokum. Wani mai shago ya taɓa ba ni ɗanɗano kala biyar yana kirana ɗan uwa, yana yanka yana jerawa a kwali, ni kuma kunya ta hana ni cewa ya isa, da aka ɗora a sikeli sai ga kusan kilo uku. Ka tambayi kuɗin kilo tukuna, ka faɗi adadin da kake so, ka tsaya a kansa. Haka kuma idan mai gyaran takalmi ya yar da burushinsa a gabanka a kan gadar Galata, ka yi gaba abinka, tarko ne na karɓar kuɗi.

Ɗalibi a Istanbul:
Ƙarin bayani kan yamma. Daga Sultanahmet ku koma T1 zuwa Eminonu, tasha uku ce. Ku ci abinci a nan, Anti ta leƙa kasuwa na ɗan lokaci, sannan ku ɗan taka zuwa tashar jirgin kan titi mai lamba T5, wanda ke bin gefen ruwa har unguwar Eyub, inda kabarin Abu Ayyub yake. Ɗakin kabarin yana da lokacin rufewa daban da na masallacin, saboda haka ku yi ƙoƙarin isa kafin la'asar. Ko da kun tarar an rufe, akwai taga mai raga a farfajiyar inda jama'a ke tsayawa su yi sallama. Ranar Lahadi wurin kan cika, za ku ga iyalai sun kawo yara maza cikin fararen kaya da hula mai gashin tsuntsu da sanda kamar 'ya'yan sarki, al'adarsu ce kafin a yi wa yaro kaciya. Magariba a tsakiyar Oktoba tana yi wajen ƙarfe shida da rabi, sai ku bar Eyub da wuri domin jirginku.

Malam Abu Maryam:
Allah ya sa a je lafiya. Tunatarwa ce kawai: ziyarar kabari sallama ce da addu'a ga mai shi, roƙo kuwa ga Allah kaɗai ake yi, don haka kada abin da za ku ga wasu na yi ya ruɗe ku. Sannan ku matafiya ne, kuna da sauƙin ƙasaru da haɗa salloli idan lokacin jirgi ya matse ku. Ku riƙe leda ta zuba takalma, kuma Hajiya ta yi alwala a inda aka samu wurin zama.

Baban Khadija:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Mun tsayar da Lahadi. Za mu fara da Topkapi kai tsaye zuwa farfajiya ta uku, mu yi azahar a masallacin Sultan Ahmad, mu sauka Eminonu, mu ƙare a Eyub. Na soke Galata da Sulaimaniyya da kewayen Bosforus, tunda dai awa huɗu za mu yi a kan ruwa zuwa da dawowa. Mai ɗakina ta amince da Koza Han, da sharaɗin ba zan tsaya mata a ka ina duba agogo ba. Ƙanena ya ce zai nemo keken a wurin wani maƙwabcinsa, kuma ban gaya wa Hajiya ba tukuna. Maman Sadiq, rigar sanyi mai nauyi zan saya mata ko suwaita da mayafi mai kauri sun isa?

Hajiya Maman Sadiq:
Suwaita da mayafi mai kauri sun isa da rana, amma ka haɗa mata da safa da ƙaramar lema, kuma a jirgin ruwa ku zaunar da ita nesa da ƙofa, iskar safiya ce ke tayar da ciwon gwiwa.